An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Cajin Dare da Lafiyar Batirin Agogon Zamani

A bazarar da ta gabata, wata ranar Asabar da hantsi, na tsaya a wata rumfar gyaran waya da ke bakin kasuwar Jega riƙe da agogon hannuna, wanda gilashinsa ya ɗago daga mazauninsa kamar murfin tukunyar da ta tafasa. Irin agogon nan ne na zamani da ake haɗawa da wayar salula, mai ƙidaya taku da auna bugun zuciya. Ban saye shi don ado ba. Likita ne ya duba ni ya ce jinina ya fara hawa, ya umarce ni da in riƙa tattaki kullum, ni kuwa na san halina, in babu abin da zai riƙa ƙidaya mini, yaudarar kaina zan yi. Daga baya ma na gano masa wani amfanin: yakan girgiza a hannuna da asuba ya tashe ni, ba tare da ya farkar da yara ba. Sayensa ya yi wa albashina giɓi, don haka da na ga ya kumbura bai cika shekara biyu ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Saurayin da ke rumfar ya karɓa, ya juya shi sau biyu, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, bisa wuta kake barin shi kwana?" Na ce ƙwarai kuwa, kusan kullum. Ya kaɗa kai ya ce, "To ai shi ke nan. Wuta ce ta yi mishi yawa, ya cika har ya kumbura. Wanga abu ba a bari nai kwana bisa caji." Mutum uku da ke zaune a benci suka gaskata shi nan take, ɗayansu har ya ce shi yakan tashi cikin dare musamman don ya zare wayarsa daga soket.

Na baro rumfar ina jin nauyin laifi, amma sana'ata ba ta bar ni na huta ba. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmomin da saurayin ya zaɓa. Mai karatu, ka saurari yadda muke maganar batir. Mukan ce ya cika, ya sha wuta, ya zuba, ya yi ƙasa, saura kaɗan a ciki. Duk waɗannan kalmomi na randa ne da tulu. A zuciyar Bahaushe batir mazubi ne, wutar lantarki kuwa ruwa, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan aka bar famfo a buɗe bisa bokiti har gari ya waye. Ƙari a kan haka, kalma ɗaya muke da ita, wato wuta, ga abin da ke haska ɗaki da kuma abin da ke cinye shi. Wanda aka ce wa agogonsa ya kwana a kan wuta, ai ba sai an ƙara masa wani bayani ba kafin gabansa ya faɗi. Siffantawa irin wannan tana sauƙaƙa fahimta, sai dai wani lokaci takan kai mutum inda gaskiya ba ta je ba.

Da wannan tunani na nufi Aliero bayan kwana biyu, wurin wani tsohon abokina da ke koyar da injiniyancin lantarki a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, wadda aka kafa a 2006. Na ajiye masa agogon a kan tebur, na maimaita masa hukuncin da aka yanke mini a Jega. Ya yi dariya ya ce, "Dakta, an bar jaki ana dukan taiki." Bayanin da ya yi mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, su ne nake son in raba da masu karatu, domin na lura agogunan nan sun yawaita a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, kuma kusan kowa da wannan fargabar yake kwana.

Batirin da ke cikin agogon zamani, da na wayar salula, da na kwamfutar tafi-da-gidanka, duk dangi ɗaya ne, ana kiransu batiran litiyam. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fito da su kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikin da suka yi a kansu. A cikin batirin akwai ɓangare biyu, da wasu ƙananan ƙwayoyin sinadarin litiyam masu kai da komo a tsakaninsu. Idan ana caji, ana tura ƙwayoyin ne zuwa ɓangare ɗaya. Idan ana amfani da na'urar, sai su riƙa komowa ɗayan, komowar tasu ce ke ba da wuta. Babu abin da ake zubawa, babu abin da ke malala.

Abu mafi muhimmanci shi ne, batirin litiyam ba ya jure a wuce masa iyaka, wadda a yawancinsu take wajen bolt 4.2 ko sama da haka kaɗan. Saboda masu ƙera shi sun san haka, ba sa barin al'amarin a hannun mai agogo. A cikin kowace na'ura ta kirki akwai wani ɗan ƙaramin mai gadi na lantarki wanda aikinsa ke nan. Da farko yakan bar wuta ta shiga da ƙarfi, idan batir ya doshi cika sai ya riƙa rage ta sannu a hankali, idan ya kai iyaka sai ya rufe ƙofa. Wannan ne dalilin da ya sa kashi 80 na farko ke saurin shiga, ragowar kuma ya yi ta jan ƙafa. Batirin agogo ƙarami ne, wajen kashi ɗaya cikin goma na batirin waya ko ƙasa da haka, don haka cikin awa ɗaya zuwa biyu ya gama. Wanda ya jona agogonsa bayan sallar isha'i, kafin ya yi nisa da barci an riga an rufe ƙofar. Sauran daren agogon zaune kawai yake, in ya ɗan ragu a ɗan ƙara masa.

To daga ina wannan tsoro ya samo asali? Adalci shi ne a ce yana da tushe. Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, wasu daga cikin wayoyin farko batiran nikel gare su, kuma a kansu ne aka gaji nasihar nan ta cewa a bar batir ya mutu ƙurmus kafin a sake masa caji, a kuma yi wa sabuwar waya cajin awa takwas. Sannan ga fitilun caji masu araha da suka cika gidajenmu, waɗanda da yawansu batirin dalma ne a ciki kuma babu mai gadin da zai yanke wuta. Irin waɗannan kam, in aka bar su kwana da kwanaki a soket, lalacewa suke yi, kuma kusan kowane gida a Jega ko Maiyama yana da gawar irin wannan fitila a bayan ƙyaure. Mutane sun ga abu da idonsu, sun ɗauki darasi. Kuskuren shi ne ɗora darasin tsohuwar fitila a kan na'urar da aka gina bisa wata ƙa'ida dabam. Hasali ma nasihar a bar batir ya mutu ƙurmus, ga batirin litiyam cutarwa ce.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cajin dare ba shi da wani aibi ko kaɗan. Batirin litiyam ya fi samun natsuwa a tsaka-tsaki. Idan ya daɗe a cike maƙil, sinadaran cikinsa suna cikin matsi, kuma wasu 'yan sauye-sauye marasa komowa sukan riƙa faruwa suna cinye ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Wannan tsufa ne na sannu, irin wanda sai bayan shekara ko biyu ake lura da shi. Kamfanonin da kansu sun yarda da haka. Apple ya sa wa wayoyinsa wani tsari a 2019, ya kuma kai shi ga agogunansa a 2020, wanda ke koyon lokacin da mutum ya saba tashi, ya tsayar da caji a kashi 80, sai gab da lokacin ya ƙarasa. Kamfanin ya kuma bayyana cewa an tsara batirin agogonsa ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa na asali bayan cikakken zagaye 1,000 na caji. Zagaye ɗaya shi ne a yi amfani da abin da ya kai kashi 100, ko a rana ɗaya ko a rarrabe. Wanda ya ci rabi yau ya cika, ya ci rabi gobe ya cika, zagaye ɗaya ya yi. Ga mai cinye batirinsa kullum, lissafin ya kama shekara biyu da wata tara. Ma'ana, batir abu ne mai ajali, ko an lallaɓa shi ko ba a lallaɓa ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu gaggauta masa.

A nan ne abokina ya juyo da tambayar kaina. Ya ce in ba shi labarin inda agogon ya shiga a watannin Maris da Afrilu. Ina cikin ba shi labari na ji kunya ta kama ni, domin da bakina na tona asirin kaina.

A cikin watan Afrilu na je Maiyama ta'aziyyar wani dattijo daga dangin mahaifiyata, na yi kwana uku. Ranar farko na cire agogon zan yi alwala, na ajiye shi a gaban mota ƙarƙashin gilashi, na manta da shi tun daga azahar har bayan la'asar, motar kuwa a rufe cikin rana. Da na dawo, sai da na sa gefen riga kafin na iya ɗaukarsa. Duk wanda ya san ƙasar Kabi ya san zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota rufaffiya. Kashegari, da yake babu wuta a unguwar, na aika wani yaro ya kai shi shagon caji. Da na je karɓa da kaina na ga wurin: rumfar kwano, janareta na ruri a gefe, wayoyi fiye da hamsin jere a kan katako, wasu bisa wasu, kowace tana fitar da nata zafin, ga rana tsaka. Agogona yana can a tsakiya, a ƙarƙashin wata babbar waya. Sannan cajar da aka haɗo ni da ita tun asali ta ɓace mini tun da hunturu, na sayi wata a hannun mai talla a tasha, wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Abokina ya ce, "To Dakta, ka gasa shi a mota, ka turara shi a shago, ka shayar da shi da cajar da ba a san asalinta ba, sannan ka zo kana zargin dare?"

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Masu kimiyyar sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa yawancin sauye-sauyen sinadarai sukan kusa ninka saurinsu idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Kamfanin Apple ya ce na'urorinsa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 16 da 22, kuma ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragewa ta dindindin, caji a cikin irin wannan zafi kuma ya fi muni. Mai karatu ya auna wannan da yanayinmu. Abin da su suka ɗauka iyakar da ba a so a ƙetare, mu nan shi ne hantsin yau da kullum na wata uku a shekara. Idan zafi ya haɗu da cikar batir, sinadarin ruwa-ruwa da ke ciki yakan fara ruɓewa ya fitar da iska, iskar ce ke kumbura batirin har ya ture gilashi. Kumburin da saurayin Jega ya fassara da cewa wuta ta yi yawa, iska ce ta lalacewa.

Mutanen Aliero ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin sun san shi a jikin albasa. Manomin da ya kwashe albasarsa yana jiran farashi ya tashi, ba yawan kwanakin da za ta yi a ajiye ne ya fi damunsa ba. Damuwarsa ita ce inda za ta yi kwanakin. Shi ya sa yake gina rudu, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya yi mata inuwa, ya bar iska tana ratsawa. Albasar da aka tula a ɗaki mai zafi marar iska, cikin ɗan lokaci za ta fara ruɓewa daga ciki alhali bayanta na sheƙi. Da na faɗa wa wani ɗan'uwana manomi wannan kwatanci, sai ya ce ashe batir ma rudu yake so.

Idan aka dubi al'amarin ta wannan fuska, za a ga cewa a ƙasarmu dare yakan fi rana dacewa da caji. Da dare ne iska ke sanyi, kuma a garuruwa da yawa da dare ne aka fi samun wuta. Mutumin da ya ƙi jona agogonsa da dare don tsoron kada ya cika ya fashe, sannan ya kai shi rumfar kwano da tsakar rana, ya gudu daga inuwa ne ya faɗa rana. Ba ina kushe masu shagon caji ba ne. Samari ne da suka ga giɓi suka cike shi, kuma ba don su ba da rabin ƙauyukanmu sun yanke daga duniya. Abin da nake roƙonsu shi ne su baza na'urori kada su ɗora wata kan wata, su nisanta teburin daga janareta, su kuma bar iska ta shiga. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Haɗarin da ke tattare da dare a wurinmu na wata fuska ne dabam, wato rashin daidaiton wuta. Akan ɗauke ta a maido cikin dare, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ƙananan janaretoci kuma ƙarfinsu hawa da sauka yake yi. Kan caja shi ne ke karɓar wannan duka, ya mayar da wutar gida zuwa bolt 5 da agogo ke buƙata. Kan caja na gaske, in ka duba jikinsa za ka ga an rubuta yana ɗaukar daga bolt 100 zuwa 240, kuma yana da kariya a ciki. Na jabu ma yakan ɗauki wannan rubutu, amma cikinsa fanko ne. Haka su ma agogunan da ake sayarwa a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, marasa sunan kamfanin da za a iya kamawa, ba a da tabbacin ingancin mai gadin da ke cikinsu. Duk abin da na faɗa a sama game da rufe ƙofa, a kan na'urar kirki na faɗe shi. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Kada kuma a raina batir don ƙanƙantarsa. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya bayan da batiranta suka riƙa kamawa da wuta, kuma binciken kamfanin ya gano aibin daga ƙira ne. A 2022 kamfanin Fitbit ya janye agogonsa mai suna Ionic, fiye da guda miliyan ɗaya da rabi, saboda batirinsa na yin zafi har ya ƙona hannun masu ɗaurawa. Idan manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji sun yi tuntuɓe, ina ga kayan da ba a san wanda ya ƙera su ba? Saboda haka duk na'urar da ta kumbura, ko take yin zafin da hannu ba ya iya jurewa, ko take wani wari, a daina yi mata caji nan take. Kada a danna ta, kada a huda ta da allura don a sace iskar kamar yadda na ji wasu na yi, kada kuma a jefa ta cikin sharar da za a cinna wa wuta.

Ga abin da na koma yi tun da aka sauya wa agogon batir. Na nemi caja ta asali na saya, ko da yake ta yi tsada. Ina ajiye shi a kan siminti ko farantin tangaran, nesa da katifa da matashin kai da labule. Ba na barinsa a mota ko a bakin taga. In na dawo daga tattaki yana da ɗumi, sai ya huce kafin in jona shi, in kuma goge gumi da ƙura daga bayansa, domin su ne ke cinye 'yan ƙarafan da wuta ke bi. Ba na jira sai ya mutu. Da ya sauko wajen kashi 20 ko 30 nake ba shi. Idan hadari ya haɗo da tsawa a damina, nakan zare komai daga bango. Sau da yawa ma da ƙaramin batirin ajiya na tafi-da-gidanka nake yi masa caji, wanda ya raba shi da hawa da saukar wutar gida gaba ɗaya. Kuma da yake awa ɗaya da 'yan mintoci ta ishe shi, na mayar da cajinsa tsakanin magariba da lokacin kwanciya, in ɗaura abina in kwanta, ya auna mini barci ya kuma tashe ni da asuba, wanda dama yana cikin abin da nake so da shi. Ran da na manta ya kwana a jone kuwa, barcina nake yi har da minshari. Wanda zai ajiye agogo ko waya na tsawon watanni, ya bar batirin a wajen rabi, ya kashe, ya sa a wuri mai sanyi.

Saura magana ɗaya da ta shafi fagena. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin waɗannan na'urori da Turanci take, ko da Sinanci, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma yanayin ƙasashen da aka rubuta ta dominsu ba namu ba ne. Saurayin da ke rumfar Jega yana da basira da hannu mai kyau, shi ne ma ya sauya mini batirin, aikin kuma ya yi kyau. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ba shi wannan ilimi da harshen da yake tunani da shi. A nan akwai aiki a gaban jami'o'inmu, musamman wadda ke Aliero da aka gina don kimiyya da fasaha: malaman lantarki su zauna da mu masu nazarin harshe, a fitar da 'yan littattafai da shirye-shiryen rediyo da Hausa, a kira masu gyara da masu shagon caji a yi musu bita. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ita ma ta ƙara sa ido a kan cajojin da ke kwarara kasuwanninmu, domin abin da ake jonawa a ɗakin da yara ke barci ya wuce a yi masa riƙon sakainar kashi.

Da na koma karɓar agogon, na zauna a bencin nan na ba saurayin labarin mota da rumfar kwano da rudun albasa. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Malam, ashe zafi na kashe su. Shi ya sa da bazara aiki ke yi muna yawa." Shekara da shekaru shaidar tana zuwa teburinsa kowace bazara, wanda zai haɗa masa ita da dalilinta ne bai samu ba. Ya ce zai riƙa gaya wa masu kawo gyara. Ina fata mai karatu shi ma zai gaya wa na kusa da shi, musamman masu tashi tsakar dare don zare caja, su samu su yi barcinsu. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma kare mu daga gobara da asara.